Koren Ruwan da Ya Ƙi Ciyuwa: Nazarin Wani Wurin Ƙyanƙyasar Tarwaɗa a Yamai

Wurin yana hayin kogin Isa, ta ɓangaren Harobanda, ba nisa da gonakin shinkafa na Kirkisoye. Ƙaramin wuri ne: ɗakin ƙyanƙyasa guda, kwami biyar na siminti a tsakar gida, rijiyar burtsatse, injin hura iska mai aiki da lantarki, da ma'aikata biyu. Ƴaƴan tarwaɗa ake fitarwa, a sayar wa masu kiwo idan sun kai tsawon ɗan yatsa. Matsalar ta taso a tsakiyar bazara, kuma daga abincin kifin ta fara. Sai da aka yi kusan mako biyu ana maganin ciwon da babu shi kafin a gane abin da ke faruwa.

Yadda aikin yake tafiya kafin ya lalace

Ƙwan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana guda idan ruwa yana wajen digiri 28. Kwana biyu zuwa uku ɗan kifin yana rayuwa da gwaiduwar da ke maƙale a cikinsa. Daga rana ta uku sai ya fara neman abinci, kuma mai motsi yake so. Gari bai cika amfanarsa ba a wannan ƙuruciya, domin tumbinsa bai gama haɗuwa ba. Abin da aka saba ba shi Artemia ne, wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande na ruwan gishiri, wanda ƙwansa ke zuwa a gwangwani daga ƙasashen waje, da tsadarsa. Don rage wannan kuɗin mai wurin, wanda ma'aikatansa ke kira Alhaji, yake noma abincin da kansa, hawa biyu.

Hawa na farko koren ruwa ne. Kwami biyu ne a rana, kowane tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa santimita 50, wato lita 1,000. Ana narka takin NPK 15-15-15 giram 40 da yuriya giram 30 a bokiti a zuba, a bi da ɗan tsohon koren ruwa ya zama iri. Cikin kwana huɗu ko biyar ruwa ya yi kore shar, har farin faranti ya ɓace wa ido a zurfin santimita 15. Koren nan ƙwayoyin gansakuka ne masu yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya rabe su. A wannan wurin mafi yawansu nau'in Scenedesmus ne, sai ɗan Chlorella. Ƙwayar Scenedesmus guda tsawonta maikiron 10 zuwa 15 ne, siffarta kamar ƙwallon dabino. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Hawa na biyu rotifa ce, nau'in Brachionus calyciflorus, a kwami uku ƙarƙashin rumfar zana. Ƴar mitsitsiyar dabba ce mai tsawon maikiron 200 zuwa 300, da ɓawo garai-garai da zoben gashi a ka wanda ke kaɗa ruwa yana jawo abinci baki. Kusan dukansu mata ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba. Uwa tana jan ƙwai ɗaya zuwa uku a bayanta, ƴar kuma a ruwa mai ɗumi cikin kwana guda da ɗoriya ta fara nata. Kowace safiya ana jan lita 200 daga kowane kwami ta cikin ƙyallen tata mai ido maikiron 50, a kai wa kifi abin da ya tsaya a ƙyallen, a cike gurbin da koren ruwa. Idan komai na tafiya daidai, mililita ɗaya tana ɗauke da rotifa wajen 100.

Ruwan da ya ratsa ƙyallen, lita 600 a rana, lambun zogale ake sakar wa. A riƙe wannan, domin a nan ƙullin yake.

Bazara, da maganin da ya ƙara ciwo

A Yamai, Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kogi yana ja baya, wuta tana yawan ɗaukewa. Rijiyar wurin ta rage bayarwa, awannin jan ruwan ma sun ragu. Alhaji ya yanke shawara biyu, kuma duk wanda ya san wannan lokacin ba zai ga wautarsa ba. Ta farko, a daina ba zogale ruwan tata, a mayar da shi kwamin gansakuka, tunda tas yake kuma da sauran taki a cikinsa. Ta biyu, a riƙa cike giɓi da ruwan magudanar gonakin shinkafa, a jarka, ana tace shi da tsohon zane. Akwai abu na uku da ba wanda ya lissafa: ƙaramin ma'aikacin, saboda son tsafta, ya fara wanke bokitai da ƙyallen tata da omo kowace yamma, ga ruwan ɗauraya ya yi ƙaranci.

Rana ta biyar ƙidayar rotifa ta sauka zuwa wajen 60 a mililita. Rana ta goma ba ta kai 20 ba. Amma alamar da ta fi ƙidaya magana ita ce wadda babban ma'aikacin ya kai wa Alhaji tun kwanakin farko, cewa ruwan rotifa ya daina washewa. A da, koren da aka zuba da safe kafin wata safiyar ya koɗe, domin an cinye shi. Yanzu yana kwana da korensa. A ƙasan kwamin gansakuka kuma wata koriyar laka ta fara taruwa, mai kauri fiye da yadda aka saba, tana ɗoyi da asuba duk daren da injin iska ya kwana a kashe.

Alhaji ya ɗauka ruwan ne ya rasa ƙarfi, sai ya sa aka rataya buhun kashin kaji a cikin kowane kwamin rotifa. Garin neman ƙiba aka samo rama. Kashin kaji amoniya yake saki, kuma dafin amoniya yana bin ma'aunin pH ne, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. A ruwa mai digiri 30, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na amoniyar ne ke cikin siffar da ke kisa. A pH 8 wajen kashi 7 ne. A pH 9 kusan kashi 45. Koren ruwa mai kauri kuwa da la'asar yakan kai pH 9 ko ya wuce, domin gansakuka ta zuƙe iskar kabon da ke cikinsa. Da aka cire buhunan sai zato ya koma kan zafi, aka ƙara zana a rumfa. Ruwa ya ɗan huce, ƙidaya ba ta motsa ba. A ɗakin ƙyanƙyasa kuwa abinci bai ishi ƴan kifi ba, girma ya bambanta, manya suka fara haɗiye ƙanana, kamar yadda tarwaɗa ta saba idan ta ji yunwa. Dole aka koma sayen gwangwanin Artemia.

Zafi da amoniya da ƙarancin oksijin duk suna iya rusa rotifa, amma kowane yana barin sawunsa: iyo ya yi sanyi, matattun ɓawo su cika ƙasa, abin ya zo gaba ɗaya bayan wani mugun dare. A makon farko ba a ga wannan ba. Waɗanda suka rage suna iyo da ƙarfinsu, sai dai ƙwai ya yi ƙaranci a bayansu. Masu kiwon Brachionus na ruwan gishiri sun daɗe suna ɗaukar ƙasa da ƙwai 13 a kan uwa 100 a matsayin alamar rushewa, kuma ƙidayar nan ta doshi wurin. Dabba tana cikin abinci tsundum tana ramewa. Ko dai abincin ya sauya, ko akwai mai cin ta. Ashe duka biyun ne.

Abin da madubi ya nuna

Madubin likita na ɗakin gwaji mai ƙara girma sau 40 da sau 100 ya isa wannan aikin. Ana ɗiban mililita ɗaya, a duba da rai tukuna, sannan a ɗiga aidin ɗigo guda don komai ya tsaya a ƙirga.

A ruwan gansakuka, ƙwayoyin da a da suke yawo ɗaiɗai ko bibbiyu yanzu sun jeru gefe da gefe kamar yatsun hannu, hurhuɗu, wasu takwas-takwas. A ruwan rotifa, cikin yawancinsu fayau yake, alhali rotifar da ta ƙoshi ana ganin koren curi a tsakiyarta. Mafi yawan ƙanana kuma suna da dogayen ƙayoyi biyu a gefen gindin ɓawonsu, rabin tsawon jiki ko fiye, abin da irin da aka fara da shi ba shi da shi. Sai ga na uku yana wucewa a hankali: wata babbar jaka garai-garai, ninkin rotifa uku ko huɗu, da ɓawon Brachionus a cikinta. Asplanchna ce, dabbar da ke farautar rotifa.

A fara da gansakukar. A shekarar 1993 Dag Hessen na Norwe da Ellen van Donk ta Holan suka nuna cewa Scenedesmus mai yawo ɗaiɗai yana komawa jeri huɗu zuwa takwas idan an haɗa shi da Daphnia, ƙumar ruwa mai cin gansakuka, kuma ruwan da Daphnia ta zauna a ciki kaɗai ya isa, ko ba dabbar. Shekara guda bayan haka Winfried Lampert da abokan aikinsa a Jamus suka ga hakan cikin awa 48. Daga baya Miquel Lürling da wasu suka tabbatar ruwan Brachionus calyciflorus ma yana sa Scenedesmus obliquus yin haka. A gwaje-gwajen nan kashi 10 cikin ɗari na ruwan maciyi, ko ƙasa da haka, yake wadatarwa. A wurin Alhaji lita 600 ake juyewa cikin lita 2,000 kowace safiya, kashi 30 ke nan. Bakteriya suna cinye sinadarin cikin ƴan kwanaki, amma me za su yi da wanda ake sabuntawa kullum?

Yadda jerin yake samuwa yana da muhimmanci ga mai gyara. Ƙwayoyin da suka riga suka rabu ba su dawo su manne ba. Scenedesmus yana rabuwa ne a cikin ɓawon uwa, ya zama huɗu ko takwas, sannan ɓawon ya fashe. Idan babu haɗari ƴaƴan su watse. Idan sinadarin yana ruwa sai su fito a manne. Shi ya sa abin yake son gansakuka mai girma da sauri, kuma shi ya sa taki ba ya maganinsa, sai ma ya ƙara masa gudu. Brachionus ta fi iya cin abin da ke wajen maikiron 10. Jerin takwas ya ninka wannan sau biyu ko uku, sai ta kama ta juya ta saki. Babbar Daphnia tana haɗiye shi ba wahala. Ƙananan maciya ne yake karewa daga gare su. Kariyar kuma ba kyauta ba ce ga gansakukar: jeri ya fi ƙwaya guda saurin nutsewa, ya bar haske. Wannan ce lakar da ta taru a ƙasan kwami tana shan oksijin da dare.

Omo fa? A 2005 masu bincike a Japan, Yasumoto da abokan aikinsa, suka ware sinadaran da ke jikin Daphnia masu jawo wannan jerin, sai ga su dangin salfet ne masu doguwar jelar mai, wato gini ɗaya da abin da ke sa sabulun gari kumfa. Tun 2002 Lürling da Beekman sun gano cewa ɗan sabulun da ke fita daga wasu takardun tata na ɗakin gwaji yana sa Scenedesmus ya jeru ba tare da wani maciyi ba. Bokitin da ba a ɗauraye sosai ba yana iya yi wa gansakuka ƙaryar cewa ana cin ta.

Abu ɗaya da za a kiyaye: ganin jerin huɗu shi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai dangin Scenedesmus da kullum a huɗu suke, sanyi da yanayin taki ma suna sauya siffar. Hujja ita ce sauyi daga yadda irin wurin yake a da, da kuma gwajin da za a zo kansa.

Ƙayar rotifa labarinta ya fi daɗewa. Paul de Beauchamp a Faransa ya lura da ita a 1952, John Gilbert a Amurka ya bi diddiginta daga 1966. Asplanchna ita ma rotifa ce, amma mafarauciya, tsawonta daga rabin milimita zuwa milimita ɗaya da rabi. Sunanta da Girkanci yana nufin marar hanji, kuma haka take: ba ta da mafita, tana zuƙe abin farauta ɗungurungum ta amayar da ɓawon ta baki. Tana sakin wani sinadari mai kama da furotin a ruwa, wanda ke aiki a kan ƙwan Brachionus tun yana cikin uwa bai fara rabuwa ba. Uwar ba ta sauyawa har ta mutu. Ƴarta ce ke fitowa da ƙaya. Ƙayoyin suna da gaɓa a gindi. Idan Asplanchna ta taɓa ta, rotifar tana janye kanta cikin ɓawo, matsin ruwan jikinta ya ture ƙayoyin su buɗe waje, sai ta fi ƙarfin bakin mai haɗiya. Yunwa da sanyi suna iya ɗan tsawaita ƙaya a wasu iri, amma doguwa irin wannan a yawancin ƙanana, cikin zafin Afrilu, sawun Asplanchna ne.

Ta magudanar shinkafa ta shigo. Saƙar zane tana tare ganye da tsutsa, ba ta tare ƙaramar Asplanchna mai jiki kamar leda ba, balle ƙwanta. Da rai take haihuwa, kuma da sauri. A ƙaddara kowace tana cin rotifa goma a rana, kuma akwai biyu a mililita: ashirin ke nan a kowace mililita kullum, ban da kashi ɗaya cikin biyar da ake ɗiba don kifi, daga garken da yunwa ta riga ta rage wa haihuwa. Ba a gan ta ba saboda garai-garai take. Amma ko ba madubi ana iya kama ta: a cika kofin gilashi, a sa baƙin ƙyalle a bayansa, a haska tocila daga gefe, za a ga wasu ƙananan ƙwallaye kamar kumfa suna tafiya da kansu.

Ƙayar ba ta dami ƴan tarwaɗa ba. Bakin da ke haɗiye Artemia mai maikiron 400 zuwa 500 ba rotifa ce za ta tsaya masa ba. Amfaninta ga mai kiwo shi ne sanarwa, domin tana bayyana tun mafarauciyar ba ta yi yawan da za a lura da ita ba.

Haka abin yake a teku

Masana suna kiran irin wannan sinadari kairomon, sunan da aka raɗa a 1970, wato saƙon da mai jinsa ne ke cin moriyarsa, mai sakinsa kuwa asara yake yi. Kifi na ganinka mai jar koma. A nan dai ɗanɗano ne maimakon gani. Maciyi ba ya iya rufe bakin saƙon domin daga aikin jikinsa yake fita. A 2019 aka nuna a Jamus cewa abin da ke sa Daphnia nutsewa ƙasa da rana don guje wa kifi wani gishirin matsarmama ne na kifayen dangin kaf, wanda ba su da yadda za su narka abinci ba tare da shi ba.

A teku aka fi bin abin da gaske, domin can yana ƙarewa a kwanon mutane. Manyan maciyan gansakukar teku su ne kofifod, ƙananan dangin jatan lande masu milimita ɗaya ko biyu. A 2015 Erik Selander da abokan aikinsa a Jami'ar Gotenbag ta Suwidin suka ware sinadarai takwas da ke fita daga jikinsu, suka kira su kofifodamid. Idan Alexandrium minutum, wata gansakuka mai iyo, ta ji su, tana ƙara dafinta har ninki 20. Dafi ne mai shanye jiki, wanda ke taruwa a halittun teku masu ɓawo da ke tace ruwa, dangin makankari, ya kama wanda ya ci su. Yawan sinadarin da ke yin wannan aikin bai kai miligiram ɗaya a ruwa cikin kwamin Alhaji ba. Wannan ya isa ya nuna dalilin da ruwan tata ke zama tas a ido, takardar gwajin amoniya ma ba ta ce komai ba, alhali cike yake da labari.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne saƙon yana faɗin wane ne maciyin. Skeletonema marinoi, wadda ke zama a doguwar sarƙa, idan ta ji kofifod gajarta sarƙar take yi, akasin Scenedesmus, domin babban maciyi dogon abu ya fi saurin ganowa da kamawa. Phaeocystis globosa kuwa duka biyun take yi. A binciken Jeremy Long da abokan aikinsa a Amurka a 2007, ruwan kofifod ya rage mata yin curi da kashi 60 zuwa 90, ruwan wani ƙaramin maciyi mai ƙwaya guda kuma ya ƙara shi da fiye da kashi 25. Ga mai babban baki ta ƙanƙance, ga mai ƙaramin baki ta dunƙule.

A 2004 Verschoor da Vos da van der Stap a Holan suka haɗa ainihin ukun da suka haɗu a Harobanda, Scenedesmus da Brachionus calyciflorus da Asplanchna, a kwalaben gwaji. Inda gansakuka ke iya kare kanta yawan halittun ya zauna daidai. Inda ba ta iyawa aka yi ta hawa da faɗuwa har wasu suka ƙare. Ga tabki wannan alheri ne. Mai ƙyanƙyasa kuwa ba zaman lafiyar tabki yake nema ba, so yake gansakuka ta ciyu iyakar ciyuwa, don haka dole ya hana ta jin labari.

Gwaji, sannan gyara

Kafin a zubar da lita dubu biyar a bazara, gara a tabbatar da kwalabe tara. Ana bukatar iri mai yawo ɗaiɗai: a cika doguwar kwalba da koren ruwa a ajiye awa biyu ko uku, jeri ya kwanta, a zuƙi kashi ɗaya cikin uku na sama, a sa a ruwan rijiya mai taki, a sake masa sabon ruwa duk bayan kwana biyu har sau uku. Sai a raba mililita 100 a kowace kwalba. Uku a ƙara musu mililita 10 na ruwan rijiya zalla, uku ruwan kwamin rotifa, uku ruwan rijiyar da aka kaɗa a bokitin da aka wanke da omo aka ɗauraye yadda yaron ya saba. Ruwan rotifar a tace shi ta takardar tata don kada dabba ko tsohon jeri su bi, takardar kuma a fara ratsa ta da ruwa mai yawa saboda sabulun da aka ambata. Taki ya zama ɗaya a duka, haske ɗaya, a girgiza safe da yamma. Bayan awa 48 a ƙirga guda 100 daga kowace kwalba, ana rubuta ƙwaya nawa ce a kowane. A nan kwalaben rijiya sun zauna ɗaiɗai da bibbiyu, na ruwan rotifa sun cika da huɗu da takwas, na omo sun faɗo tsakani. Kwalba ɗaya-ɗaya ba ta isa ba. Uku ne ke nuna ba dace ba ne.

Gyaran da kwami ɗaya-ɗaya aka yi shi don kada aiki ya tsaya cak. A zubar, a kwashe laka, a goge bango da lungu da buroshi da jabel, wato ruwan bilic, mai ƙarfin digiri 12, mililita 5 a kowace litar ruwa, a ɗauraye, a bar shi kwana biyu a rana. Gogewar ce mai muhimmanci, domin Asplanchna tana yin ƙwai mai kaurin ɓawo da ke jure bushewa, ya kwanta a tsagar siminti ya jira ruwa. Jabel ɗin ya zama marar ƙamshi, domin masu ƙamshi sau da yawa da sabulu a cikinsu. Omo ya bar wurin gaba ɗaya: ruwa, jabel, rana.

Rariya mai ido maikiron 250 tana tare manyan Asplanchna, tana sauƙaƙa ɓarna na ƴan kwanaki, amma ƙananan suna lanƙwashewa su wuce. Sabon iri da hannu ake tsince shi. A ƙarƙashin madubi a zuƙi uwaye 30 masu ƙwai ɗaya bayan ɗaya da bututun ɗiga magani, kowace a ratsa da ita ta ɗigon ruwa mai tsabta uku, a tara su a mililita 50 na sabon koren ruwa. Daga nan lita 1, lita 20, ganga mai lita 200, sannan kwami, ana matsawa gaba duk lokacin da ƙidaya ta kai 50 a mililita. Mako biyu zuwa uku yake ci, don haka kada a yi wa uwar kifi allurar saka ƙwai sai ganga ta cika. Uwayen da aka tsinta da ƙayarsu za su mutu, tunda rotifa ba ta saɓa. A ƴaƴa da jikoki ne za a ga tana gajarta har ta ɓace, kuma wannan ne shaidar irin ya tsarkaka.

Ruwan magudana, idan babu makawa, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai ido maikiron 30, a sa jabel mililita 250 zuwa 300 a lita 1,000 ya kwana, a hura masa iska kwana biyu a rana. Kafin amfani a jefa rotifa kaɗan a kofi guda na ruwan. Idan bayan awa uku suna iyo, jabel ya fita. Ruwan tata kuwa ya koma bin hanya ɗaya: daga gansakuka zuwa rotifa, daga rotifa zuwa wankin daɓe da zogale. Ranar da ƙarancin ruwa ya tilasta mayar da shi, sai ya yi mako guda a ganga ta dabam da iska, a bi shi da jabel, a kuma gwada shi a kwalabe uku kafin ya taɓa kwamin gansakuka.

Littafin wurin ya sami sababbin layuka uku da ake cikewa Litinin da Alhamis: ƙwaya nawa a jerin gansakuka, ƙwai nawa a kan uwa 100, da rotifa nawa cikin 50 ke da doguwar ƙaya. Idan layi na uku ya tashi daga sifiri, a ranar ake fito da tocila da baƙin ƙyalle.

Asplanchna ba a kashe ta duka ba. Jikinta laushi ne, girmanta daidai bakin ɗan tarwaɗa mai kwana huɗu ko biyar da ƙyanƙyashewa, don haka aka ba ta ganga guda a can ƙarshen gida kusa da zogale, ana zuba mata rarar rotifa, ana ɗibar ta da rariyar maikiron 250. Bokitinta da ƙyallenta nata ne ita kaɗai, an shafa musu jan fenti a hannu, kuma wanda ya taɓa su sai ya wanke hannu kafin ya koma ƙarƙashin rumfa.